Yadda Za Ka Zaɓi Tsohuwar Vespa PX Ka Kuma Riƙe Ta Lafiya

Tun da na tada PX 150 ɗin da nake hawa ta dawo kan titi, da wuya in yi kwana biyu ba a tare ni ba, ko a gidan mai ko a bakin masallaci bayan la'asar, kuma tambayar ba ta wuce biyu, ina zan samu irin wannan, in na samu yaya zan gane mai kyau ce. Wasu matasa ne da suka ga irinta a hoton babansu, wasu kuma dattawa ne da suka hau Basfa tun zamanin samartaka yanzu marmari ya taso. Na gaji da ba da amsa a tsaye rabi da rabi shi ya sa na zauna na rubuta komai a jere.

Abu ɗaya kafin mu fara. Wasu in sun ce babur ɗan Italiya manyan nan suke nufi irin Ducati Monster ko Moto Guzzi. Wannan wata magana ce daban, Ducati bel ne ke juya mata bawul kuma a tsofaffin ana canza shi duk shekara 2 ko ka hau ko ba ka hau ba, ga saitin bawul ɗinta ba kowane bakanike ya iya ba. Ni a nan Vespa PX nake magana, ta kamfanin Piaggio da ke Pontedera kusa da Pisa, don ita ce ɗan Italiyan da mutum mai matsakaicin ƙarfi zai iya riƙewa a garinmu ba tare da ya shiga bashi ba.

1. Ka san wacce kake nema tun daga gida

PX ta fito a 1977 kuma manyan ire-irenta uku ne ta fannin girman inji, 125 da 150 da 200. Dukkansu inji mai bugu biyu ne, wato mai shan fetur gauraye da mai, giya 4 a hannun hagu. 125 ba ta da ƙarfi sosai in za ka riƙa ɗaukar iyali. 200 ita ce mai gudu amma kayanta sun fi tsada kuma fistin ɗinta ba ya shiga na sauran. Shawarata ga mai farawa 150 ce, kayanta sun fi yawa a kasuwa saboda a da kamfanin LML na Indiya ya daɗe yana ƙera irinta kuma yawancin kayansa suna hawa kanta.

Sai kuma shekaru. Na farkon-farko na 125 da 150 kwantak ne ke ba su wuta, wato wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa in inji na juyawa, daga farkon shekarun 1980 aka koma wuta ta lantarki wadda ba ta son saiti kullum, in kana da zaɓi ka ɗauki ta lantarkin. Daga 1998 aka fara sa birkin faifai a gaba, wanda ya fi na ganga kamawa nesa ba kusa ba.

Gargaɗi: ba duk abin da aka liƙa wa sunan Vespa ne ɗan Italiya ba. Akwai LML akwai Bajaj Chetak, duk na Indiya ne, kuma ba wai ba su da kyau ba ne, a'a suna aiki, amma kar a sayar maka da su a kuɗin ta Italiya. Tambarin da ke gaba ba hujja ba ne, kowa na iya sayo shi ya ɗaura.

2. Abin da za ka riƙe in za ka je dubawa

Tocila, ɗan maganaɗisu, tsumma, sukundireba, sifanar fulogi, da sifana mai lamba 11. Ka je da rana tsaka ba da magariba ba. Ka gaya wa mai ita tun a waya cewa kar ya tada ta kafin ka zo. In kana da tsohon bakaniken Vespa ka biya shi kuɗin wuninsa ku tafi tare, amma wanda kai ka nemo, ba wanda dillali ya kawo ba.

3. Lamba da takardu, kafin ka taɓa komai

Ka cire murfin gefe na ɓangaren inji, lambar jiki tana buge a ƙarfen ta can baya. Haruffan farko ne ke gaya maka gaskiya: VNX na 125 ne, VLX na 150, VSX na 200. Na baya-bayan nan masu doguwar lamba da ZAP suke farawa. Injin ma yana da tasa lambar a jikin kwaryarsa, na 150 VLX1M, na 200 VSE1M. In jiki ya ce 200 inji ya ce 150 ka san an sauya inji, ba laifi ba ne amma kuɗin ya sauka.

Ka goge wurin da tsumma ka haska tocila. In ka ga alamar gurza, ko walda zagaye da lambar, ko haruffa ba su daidaita a layi ba, to ka yi sallama ka tafi, ba ciniki a nan. Sannan ka gwada lambar da ta cikin fatikula harafi da harafi. In daga waje aka shigo da ita ka nemi takardar kwastam. In ta gado ce, wanda yawancinsu haka suke yanzu, ka tabbata magada sun yarda a sayar ba wai ɗa ɗaya ne ya turo ta daga zaure a ɓoye ba, na ga irin wannan ta kai mutane gaban mai unguwa bayan mai saye ya gama kashe kuɗin gyara.

4. Gangar jiki, nan ne za ka daɗe

In ba ka riƙe komai a rubutun nan ba ka riƙe wannan. Vespa ba kamar sauran babura take ba da suke da firam na fayif a ciki a lulluɓe da roba. Ita ƙarfen jikin da kake gani shi ne firam ɗin, shi ke ɗauke da inji da kai da wanda ka goya. Inji ko ya mutu murus ana tada shi da kuɗi sananne, amma jiki in ya ruɓe ko ya karkace ka sayi wahala ce kawai, kuma mafi yawan masu saye inji suke saurara su manta da jiki saboda sabon fenti ya ɗauke musu ido.

Ka ɗaga tabarmar roba ta wajen taka ƙafa in akwai. Ka kwantar da ita a hankali a kan tsohuwar taya ko tabarma, bayan ka rufe makunnin fetur, ka kalli ƙasanta da tocila. Wuraren da tsatsa ta fi ci su ne ƙarƙashin wajen taka ƙafa inda ƙarafan ƙarfafawa suka gitta, wajen da aka ɗaure sitan, zagayen fedar birkin baya, da kuma ƙashin bayan nan da ya bi ta tsakiya wanda wayoyi ke bi ta cikinsa. Ka danna bakin sukundireba, ƙarfe mai lafiya ba ya nutsewa. Mu a arewa mun ɗan yi sa'a iskarmu busasshiya ce, wadda ta zauna a Zinder ko Katsina sau da yawa ƙasanta ya fi na wadda aka kawo daga bakin teku kyau, amma wadda aka jingine shekara goma a inda indararo ke zuba ita ma ta gama.

Sai maganaɗisu. Ka bi da shi a kan garkuwar gaba da murafan gefe da wajen taka ƙafa, inda ya ƙi kamawa fila ce, wato abin cike lotsawa da masu fenti ke shafawa, aka cika aka fesa fenti a kai. Ɗan kaɗan a murfin gefe ba komai, murfi ana sauyawa. Amma in ka same ta a inda garkuwar gaba ta lanƙwaso ta haɗu da wajen taka ƙafa, ko ka ga ƙarfen wurin ya yi tattara kamar an naɗe takarda, to wannan ta taɓa cin karo ta gaba kuma jikin ya lanƙwashe. Ka koma bayanta taku biyar ka durƙusa ka kalli tayoyin biyu, su kasance a layi ɗaya. Ka duba tazarar da ke tsakanin madgad na gaba da jiki, in ya matso har yana neman gogar garkuwa in an juya kai, an daki gaban.

Gargaɗi: kar ka yarda da maganar "ai mai walda zai gyara". Zai iya toshe rami, gaskiya ne, masu walda irin na Fanteka a Kaduna hannunsu na da kyau, amma miƙe jikin da ya karkace sai da ma'auni na musamman, in aka yi shi da ido kawai za ka yi ta hawa tana janka gefe har ranar da ka rabu da ita.

5. Inji tun yana sanyi

Ka fara taɓa salansa da bayan hannu ka tabbata da sanyinta. Kafin a tada, ka kama fankar nan mai juyawa a gefen inji ka girgiza ta sama da ƙasa. Kada ta motsa ko kaɗan, in ka ji ƙwas-ƙwas boris ɗin kuranshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa, ya tafi kuma aikin buɗe inji ne. Ka taka kik a hankali da ƙafa ka ji yana turjewa, in ya sulale ƙasa ba nauyi ringi ko fistin sun cinye.

Ka kwance notin da aka rubuta OLIO a kusa da shi da sifana 11, ka ɗan dangwalo man giya ka shinshina. In yana warin fetur sil ɗin ɓangaren kulochi, wato zoben robar da ke hana yoyo, ya fashe. Ka cire fulogi ka kalli bakinsa, launin ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara shi ake so, baƙi mai danshi mai ya yi yawa ko wuta ba ƙarfi, fari fat kuwa shi ne abin tsoro don injin yana aiki da zafi fiye da kima.

Yanzu a buɗe fetur a ja cok a taka. Mai lafiya ba ta wuce kik uku zuwa biyar a sanyi. Hayaƙi shuɗi-shuɗi da farko al'adarta ce, kar ya dame ka. Abin da za ka saurara shi ne in ka murɗa mai ka saki, ƙarar ta sauko nan take ta zauna a silo. In ta tsaya a sama tana kuka kafin ta sauko, ko silo na hawa da kansa, tana jan iska ta wani wuri, ko sil ɗin ɓangaren fanka ko gindin kabireta, kuma irin wannan ce ke kama fistin, wato ya maƙale a cikin silinda, a tsakiyar hanya.

6. Ka hau da kanka

Giyarta a jere take 1, fri, 2, 3, 4, kana matse kulochi kana murɗa hannun gaba ɗaya. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya ka ba ta wuta sosai a giya 2 da giya 3. In giya ta fice da kanta ta yi wani tsalle, wani ɗan ƙarfe ne a ciki mai siffar alamar tarawa da makanikai ke cewa kuros ya cinye. Shi kansa ba tsada, amma sai an raba injin kafin a kai gare shi, ka sa wannan a lissafi. Wani lokacin dai saitin wayoyin giya ne kawai, bakanikenka zai bambance.

Ka gwada birkin gaba da na baya daban-daban. Ka sassauta riƙon kai kaɗan a hanya mai kyau ka ga ko tana ja gefe da ƙarfi. Da yake injin a dama yake dole ka ji ɗan nauyi a can, wannan haka aka yi ta, amma fizga ba haka ba ne. Da ka sauka ka ɗora ta a sitan ka girgiza tayar baya hagu da dama, ka juya kai daga ƙarshe zuwa ƙarshe ka ji ko yana sarƙewa a tsakiya, ka gwada fitila da hon da sigina.

7. Ciniki da lissafin kuɗi

Farashi yana canzawa da canjin dala da kuma yadda mai ita ya ga zumuɗinka, saboda haka ga ƙa'idar da nake bi. Duk abin da ka tanada ka raba uku, kashi biyu na saye, kashi ɗaya na gyaran farko. Ko mai ita ya rantse jiya aka yi mata sabis za ka kashe wannan kason. Ka rubuta duk aibin da ka gani a takarda ka tambayi bakanike kuɗin kowanne, da wannan takardar za ka yi ciniki ba da baki ba. Taya, wayoyi, fulogi, takalmin birki, duk ƙananan kuɗi ne. Raba inji a sa sil da boris da kuros matsakaici ne. Jiki da fenti su ne masu cin kuɗi. Shi ya sa gara ka sayi mai tsohon fenti ya koɗe da ƙarfe lafiyayye da ka sayi mai sheƙi da ba ka san me ke ƙarƙashi ba.

A rubuta takardar ciniki da lambar jiki da ta inji, shaidu biyu su sa hannu, a yi maganar la'adar dillali tun kafin a sallama, sannan ka je ka sauya suna a takardu kar ka bari sai an tare ka a hanya.

8. Sabis na farko, kafin ka fara yawo da ita

Ka tada ta ta yi ɗumi, ka kwance notin ƙasa man giya ya tsiyaye, ka mayar da notin da sabon washa, sannan ka ɗura sabo ta ramin OLIO da sirinji har ya fara dawowa, wajen mililita 250 ne, tana tsaye daidai a kan sitan. Mai lamba SAE 30 take so.

Gargaɗi: kar a zuba mata man giyar mota mai kauri irin lamba 90. Kulochinta a cikin wannan man yake wanka, mai kauri zai sa ya riƙa ja kuma giya ta yi tauri da safe. Kuma notocin nan a cikin alminiyam suke, a ɗaure da hankali, in zaren ya tafi wani aikin ne.

Sai fulogi, kuma nan ne na ga an fi yin ɓarna. 125 da 150 gajeren zare suke ɗauka, irin NGK B7HS. 200 dogon zare take ɗauka, B7ES. In aka sa dogo a 150 bakinsa zai leƙa ciki har fistin ya iya dukansa. Tazarar bakin milimita 0.6. Jabun fulogi ya cika kasuwa, ka saya a shagon da ka sani kuma ka ajiye ɗaya a akwatin gaba kullum.

Ka cire tanki a wanke shi, shekaru sun tara tsatsa da laka a gindinsa. A sauya tiyon fetur, kuma kar a sa wanda ya fi na asali tsawo don fetur da nauyinsa yake gangarawa ba famfo, in tiyon ya yi lanƙwasa za ta riƙa mutuwa in tanki ya yi ƙasa. A sauya wayar kulochi da wayoyin giya biyu da ta birki a shafa musu giris. A buɗe fanka a duba wayoyin kwayil, a tsofaffi rigar wayar tana rududdugewa ta riƙa taɓa jiki wuta na ɗaukewa. Fankar da abin cirewa na musamman ake zare ta, duk bakaniken da ka ga ya ɗauko guduma da kurfi ka ce ya dakata.

9. Gaurin mai, ran injin kenan

Wannan injin ba shi da wani mai a ƙasa da ke shafa fistin, abin da ka gauraya a fetur shi kaɗai ne. Ma'aunin kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 a kowace lita. Lita 5 mililita 100. Tankin lita 8 yake ci har da rezab. Ka sayi babban sirinji a kemis ka ajiye a akwati, ka rufe makunnin fetur, ka zuba mai sannan a zuba fetur a kai ka ɗan girgiza ta. Man kuma na inji mai bugu biyu, wanda aka rubuta 2T a jiki, in ka samu mai alamar JASO FC ko FD ya fi. Ba baƙin man mota ba, ba kuma wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi ba wanda ba ka san daga ina ya fito ba.

Wasu PX ɗin suna da tankin mai daban da famfon da ke gaurayawa da kansa, za ka gane su da ɗan gilashin leƙa mai a kusa da makunnin fetur da kuma marfi na biyu a ƙarƙashin kujera.

Gargaɗi: da yawa an kashe wannan famfon tun tuni an koma gauri da hannu, gilashin yana nan amma ba ya aiki, mai saye bai sani ba ya zuba fetur zalla. Har sai bakanike ya buɗe ya tabbatar maka famfon na turo mai, ka riƙa gaurayawa a tanki. Ni kaina na taɓa kama fistin a hanyar ƙauye, ba ta dalilin famfo ba, ta dalilin man kwalba da na saya a hanya don nawa ya ƙare, tayar baya ta ƙulle ina cikin gudu kuma Allah ne ya sa hannuna na kan kulochi. Shi ya sa nake gaya wa kowa, in kana doguwar tafiya yatsu biyu su zauna a kan kulochi, da ka ji ƙarar inji ta canza ko ta fara riƙewa ka matse nan take ka gangara gefe ka bar ta ta huce. Haka in kana sauka doguwar gangara kar ka saki mai gaba ɗaya ka bar giya na riƙe ta, ba fetur na shiga ba mai na shiga kenan, ka riƙa ɗan murɗawa lokaci-lokaci.

In an sa sabon fistin ka lallaɓa ta kilomita 1000 na farko, ba cika wuta, ba doguwar tafiya a gudu ɗaya.

10. Taya

Lambarta 3.50-10 gaba da baya, da tub a ciki, kuma safaya tana ƙarƙashin murfin hagu, wannan na cikin abin da ya sa nake ƙaunarta, in ka yi faci a daji minti goma ka sauya ka wuce. Iska a ma'aunin da ake kira bar wajen 1.3 a gaba, 1.8 a baya in kai kaɗai ne, in da goyo a ƙara ta baya zuwa kusan 2.5. Masu faci sun saba da cika wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse, ka tsaya a kai a auna, gaba in ta cika iska kan yana rawa.

Gargaɗi, kuma wannan na rai ne: rim ɗin gida biyu ne aka haɗa da noti. Noti 5 ne ke riƙe taya a jikin babur, wasu 5 ɗin ke haɗa rim ɗin da kansa. Kar a taɓa kwance na haɗin rim sai an sace iskar gaba ɗaya, in ba haka ba zai tarwatse a fuskar mai kwancewa. In yaron mai faci bai taɓa yin Vespa ba ka nuna masa da hannunka. Wajen mayarwa a ɗan sa wa tub iska kaɗan don kar rim ya cije shi. Sannan babban notin tsakiyar tayar baya ka tabbata a ɗaure yake tam da ɗan ƙarfen fil ɗin da ke hana shi kwancewa a ciki.

Taya ko zanenta bai cinye ba in ta tsattsage a gefe ta tsufa, a jefar.

11. Ƙura da kabireta

Kabiretar Dell'Orto ce, SI 20/20 a 125 da 150, SI 24/24 a 200, tana cikin ɗan akwati a saman inji. Matatar iska ragar ƙarfe ce a kanta da sukuru biyu, a wanke ta da fetur a bar ta ta bushe. Da damina sau ɗaya a wata ya isa, amma da hunturu in ƙura ta sauko ni duk sati biyu nake yi. Akwai wata roba mai kama da zugazugi da ta haɗa akwatin da jikin babur, in ta yage ƙura kai tsaye take shiga inji ta cinye ringi, ka duba ta duk sanda ka buɗe. Jet, wato ɗan ƙarfe mai ƙaramin rami da fetur ke bi a cikin kabireta, in ya toshe a hura shi da iska, kar a zura masa waya, ramin zai faɗaɗa ta koma shan mai. Notoci biyun da ke ɗaure kabireta a ɗaure su bi da bi kaɗan-kaɗan, in aka matse da ƙarfi gindinta yana lanƙwashewa ta fara yoyo da jan iska.

Murfin da ya rufe silinda kuwa kar ka bari a cire a ce wai don inji ya sha iska. Shi ne ke tattara iskar fanka ya kai ta kan silinda, in babu shi a zafin bazara ba za ta kai ka nesa ba.

12. Abin da za ka saba yi

Duk inda ka tsaya ka rufe makunnin fetur, in ka bari a buɗe kuma allurar kabireta ba ta rufewa da kyau fetur zai cika inji da safe ka yi ta taka kik a banza. In hakan ta faru ka rufe fetur, ka cire fulogi ka goge, ka taka kik sau da yawa ba fulogi, ka mayar ka murɗe mai duka ba cok ka taka. Man giya ni duk kilomita 3000 nake sauyawa don ba shi da yawa ba shi da tsada. Wayar kulochi da ta giya na ajiya su zauna a akwati tare da filaya da sifana 13 da 8 da 7. Duk wata ka bi notocin taya da na salansa da na shok ka ji ko sun saki. In ta fara rasa ƙarfi a hankali alhali fulogi da kabireta lafiya, salansa ce ta cika da baƙin gawayi, a ƙone ta a kakkaɓe ko a sa sabuwa.

Wajen sayen kaya, ka tafi da tsohon a hannu. Musamman na gaba, don na farkon suna da aksil milimita 16, waɗanda aka ƙera daga baya kuma 20, kayansu ba sa shiga juna. Wayoyi da robobi da fitilu na Indiya sun wadatar, amma sil da boris da kuros, abin da sai an raba inji kafin a kai gare shi, ka sa mafi kyau da aljihunka zai iya don kar a buɗe sau biyu. Ka nemi tsofaffin makanikan Vespa tun suna nan, kusan kowane babban gari akwai ɗaya ko biyu da suka rage, ka zauna kusa in suna aiki ka ce Baba nuna min, yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su. Hular kwano kuma a kanka ko kasuwa za ka, ƙananan tayoyin nan ba sa son rami da yashi.

In za ka yi tafiya ka ajiye ta fiye da wata ɗaya, ka rufe fetur tana kunne ka bar ta ta shanye na cikin kabireta har ta mutu da kanta, ka cire fulogi ka ɗiga ɗan man 2T a ramin ka taka kik sau biyu ka mayar, ka cire kan batir in tana da shi, ka ɗora ta a sitan a inuwa inda ruwa ba ya zuba, ka toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro.